Tsoron birkin gaba na jefa masu babur cikin haɗari

A kusan duk inda ake koyon babur a arewacin Najeriya, gargaɗin farko da ake yi wa sabon mahayi shi ne kada ya kuskura ya taɓa birkin hannu, domin wai zai wuntsila da shi. Da wannan tsoro yawancin ’yan acaɓa suke girma. Wasu ma sai a tarar wayar birkin gaban ta saki ko ta tsinke, kuma ba su damu su kai wa bakanike ba, tunda dama ba su amfani da ita. Wannan ɗabi’a tana da hannu a faɗuwar da ake ɗora wa ƙaddara ko rashin kyan hanya.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Duk lokacin da aka taka birki da ƙarfi, nauyin babur da na mahayi yana komawa gaba. Shi ya sa gaban babur yake nutsewa, fasinja kuma ya bugi bayan direba. A wannan lokacin tayar gaba tana ƙara danne ƙasa, ta baya kuwa tana yin sauƙi. Tayar da ba ta da nauyi a kanta ba ta iya riƙe kwalta sosai, don haka da ɗan ƙarin matsi sai ta daina juyawa ta fara jan ƙasa. Masu koyar da tuƙi sukan ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa daga birkin gaba yake fitowa. Wanda ya dogara da na ƙafa kaɗai ya ajiye mafi yawan abin da zai cece shi.

Abin da ke biyo bayan kullewar tayar baya ya fi muni. Bayan babur yakan fara karkata gefe. Idan mahayi ya firgita ya ɗage ƙafa a daidai lokacin da bayan ya riga ya fita daga layi, tayar sai ta sake cafke ƙasa farat ɗaya, babur ya fizgo da ƙarfi ya cilla mutum sama. Irin wannan faɗuwa ta fi zamewa a ƙasa illa. Mafita ita ce a hana abin faruwa tun farko: a matsa birkin gaba a hankali sannan a ƙara, ba cafka ɗaya ba, a taka na baya daidai gwargwado, babur yana miƙe, ido yana kan inda ake so a nufa.

Ba a ce masu tsoron birkin gaba ba su da hujja ba. A kan rairayi, ko tsakuwa, ko kwaltar da ruwan sama na farko ya jiƙa, ko a cikin kwana, cafkar birkin gaba tana kayar da mutum nan take. Haka kuma idan an ɗauki fasinja biyu da buhun masara, nauyin baya yana ƙaruwa, birkin ƙafa ya fi yin aiki. Amma wannan dalili ne na koyon yadda ake matsa shi, ba na watsar da shi ba. Rabin sa’a a fili mara motoci ya isa hannu ya fara sabawa.

Sai dai ba mahayi kaɗai ke da alhaki ba. BMW ya fara sa wa babur na’urar hana taya kullewa, wato ABS, tun 1988. Tarayyar Turai ta wajabta ta a kan sababbin babura da suka haura 125cc daga 2016. Indiya, inda kamfanonin Bajaj da TVS suke, ta bi sahu: daga Afrilun 2019 duk sabon babur da ya wuce 125cc dole ya zo da ABS, ƙanana kuma aƙalla su zo da tsarin CBS, wanda ke raba birki tsakanin tayoyin biyu ko da na baya kaɗai aka taka. Wannan tsari na biyu kamar don direbobin nan aka ƙirƙiro shi, tunda yana gyara daidai kuskuren da suka saba yi, kuma bai kai ABS tsada ba.

Idan doka ta tilasta wa waɗannan kamfanoni sa shi a kasuwar gidansu, babu dalilin da zai hana hukumar SON ta nemi hakan a kan baburan da ake shigowa da su ko haɗawa a Najeriya. Kafin nan, jami’an FRSC da shugabannin ƙungiyoyin ’yan acaɓa suna iya farawa da abin da ba ya cin kuɗi: duba ko birkin gaba yana kamawa kafin a bar babur ya ɗauki fasinja.