Wa Kuma Yake Susa a Gidan?



A bazarar bara ƙanwata ta kira ni da sassafe, muryarta a dishe. "Yaya, yaron nan ko rintsawa bai yi ba jiya." Ɗanta na goye ke nan, wata 4 da haihuwa, ƙuraje sun feso masa kusan mako uku. Da na isa gidan na tarar likitoci sun yi yawa. Surukarta ta ce zafi ne. Maƙwabciya ta ce haƙori ne zai fito da wuri. Wata ta ce nonon ne ya yi zafi, sai an jiƙa wa uwar sassaƙe. Mai kemis na bakin layi kuwa, wanda ko yaron bai gani ba, ya miƙo ɗan bututun man shafawa ya ce safe da yamma. A gaban madubin ɗakin na ƙirga kwalabe da gwangwanaye da bututu har guda 6. An shafa na kemis ɗin, ƙurajen suka lafa kwana uku, sannan suka dawo da gayya.

Muka ɗauke shi zuwa asibitin unguwa. Wata dattijuwar nas ce ta karɓe mu. Ta tuɓe yaron tsaf, har safa, ta matsa da shi bakin taga inda haske yake. Ta buɗe tafin hannunsa, ta duba tafin ƙafa, ta ɗaga hammata. Sai ta saki yaron ta kamo hannun uwar, ta juya wuyan hannun, ta ware 'yan yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Maman yaro, wa kuma yake susa a gidan?"

Ƙanwata ta yi jim. "Wallahi ni ma da dare nakan ji ƙaiƙayi, na ɗauka zufa ce." Can kuma ta tuna da ƙanen mijinta, ɗan makarantar kwana, wanda ya zo hutu wata ɗaya da rabi da ya wuce. Yaro mai son jarirai, kullum yana saɓe da shi, shi ma kuma kullum hannunsa na cikin riga yana susa.

Ƙazuwa ce. Mako uku an bar jaki ana dukan taiki.

Wannan tambaya ta nas ɗin ita ce ta sa na zo da sharhin nan. A ganina, abin da ya fi wahalar da jariranmu a harkar ƙuraje shi ne saurin hannu. Kafin a tambayi komai an riga an shafa wani abu. Alhali ƙurajen jariri sun fi kala goma, da yawansu kuma kamarsu ɗaya a ido. Abin da ke raba su shi ne labarin da ke tattare da su: yaushe suka fara, ina suka fito a jiki, me aka canza a gidan, akwai zazzaɓi ko babu, wa kuma yake da irinsu.

Mu tsaya kan ƙazuwar tukuna, tunda ita ta fi iya ɓad da kama. Wani ɗan ƙwaro ne da bai kai rabin milimita ba, ido da ƙyar yake ganinsa. Macen tana haƙa rami a saman fata tana zuba ƙwai biyu ko uku kullum. Abin mamaki, mai ƙazuwa yawanci ƙwari 10 zuwa 15 ne kacal a jikinsa, duk wannan susar jiki ne ke faɗa da su. Wanda bai taɓa kamuwa ba yakan yi mako 4 zuwa 6 kafin ya fara jin ƙaiƙayi, shi ya sa lokacin da jariri zai fara kuka an manta da baƙon da ya kawo ta. A jikin babba takan zauna tsakanin yatsu da wuyan hannu da ƙugu. A jikin jariri kuwa har tafin hannu da tafin ƙafa da fatar kai take kamawa, wani lokaci da 'yan ƙuraje masu ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kowane lokaci akwai mutum aƙalla miliyan 200 masu ɗauke da ita, a shekarar 2017 kuma ta sa ta a jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Mu a nan kunya ce take ƙara mata ƙarfi, don ana ganin ciwon ƙazamai ne. Ba haka ba ne. Cuɗanyar jiki da jiki take bi, kuma babu wanda ya kai jariri shan runguma.

To, surukar da ta ce zafi ne ba ta yi wauta ba. Ƙurajen zafi su ne suka fi yawa a ƙasar nan daga watan Maris zuwa faɗuwar damina. Ƙofofin da zufa ke fita ne suke toshewa, sai 'yan ƙananan ƙuraje su yi yayyafi a goshi da wuya da ƙirji da baya, inda zanin goyo ke mannewa. A nan dole in yi wa iyaye mata tsiya kaɗan. Ana rana mai narka kwalta, uwa na fifita da mafici, amma jariri na cikin hular ulu da safa da shawul ninki biyu, wai kada sanyi ya kama shi. A rage masa kaya, a yi masa wanka, a bar iska ta sha jikinsa. In ƙurajen zafi ne, kwana biyu zuwa uku za a ga sun kwanta. In ba su kwanta ba, wannan ma amsa ce, sai a san ba a nan gizo ke saƙar ba.

Wurin da ƙuraje suka zaɓa yana faɗin abu da yawa. Ɗauki na kunzugu. In fitsari da kashi ne suka daɗe a jikin yaro suka ci masa fata, za a ga saɓar a inda famfas ke taɓawa, a ɗuwawu da saman cinya, amma can cikin matsematsi lafiya lau. In kuwa har cikin matsematsin ya kama, ya yi ja jawur yana sheƙi, ga 'yan ɗigo-ɗigo sun watsu a gefe, to galibi naman gwari ne, irin wanda ke sa farin abu ya manne a harshen jariri kamar guntun kindirmo. Na farko canjin kunzugu a kan kari da basilin da shan iska sun ishe shi. Na biyu sai da maganinsa na musamman. Wuri ɗaya, ciwo biyu.

Akwai kuma wanda hunturu ke tayarwa. Kumatun yaro su bushe, su yi kaushi, ya dinga goga fuska a ƙirjin uwarsa. Yakan fara ne bayan wata biyu ko uku, sau da yawa a gidan da ake da mai asma ko mai yawan atishawa, kuma abin sha'awa ba ya cika taɓa wurin kunzugu. Likitoci na ce masa eczema. Littattafan da aka rubuta a Turai sukan ce fata za ta yi ja. A fatar 'ya'yanmu sau da yawa ba ja za ka gani ba, duhu za ta ƙara, ko ta yi toka-toka. Wannan ya sa tafin hannu ya fi ido amfani: shafa ka ji kaushi ne, ko ruwa, ko ɗumi. Irin wannan fata maiƙo take so, man kaɗe tsantsa ko basilin, da zarar an fito da yaro daga wanka. Abin da ba ta so shi ne sabulun magani mai ƙarfi, da ruwan kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗigawa a bahon wanka, da humra da turaren da ake fesa wa kayan jariri don ranar suna.

Ƙurajen kwanakin farko kuwa, waɗanda kan fito kwana biyu ko uku da haihuwa, masu ɗan farin kai, yau suna ƙirji gobe suna cinya, kusan rabin jariran da suka cika watanninsu suna yin su. In yaro na shan nono, jikinsa ba zafi, cikin mako ɗaya ko biyu za su tafi da kansu. A ƙyale su.

Batun nono ya yi zafi shi ne ya fi ba ni tsoro, don daga nan ake fara ɗura wa jaririn wata biyu jiƙe-jiƙe, ko a rage masa mama. Gaskiya ne akwai yaran da jikinsu ba ya karɓar madarar shanu ko ƙwai ko gyaɗa, amma wannan yana da alamarsa: borin jini ya taso cikin mintoci zuwa awa biyu bayan cin abin. In leɓe ya kumbura ko numfashi ya canza, asibiti ake yi a guje. Haƙori kuwa, iyakar abin da zan yarda ya jawo shi ne 'yan ƙuraje a haɓa saboda dalalar miyau. Sauran duk ƙazafi ake yi masa.

Yanzu mu dawo kan ɗan bututun nan na kemis. Da yawa daga mayukan da ake kira masu aiki uku suna ɗauke da sinadarin steroid mai ƙarfi, a duba jikin kwalin za a ga an rubuta betamethasone ko clobetasol. Aikinsa kashe kumburi da ƙaiƙayi, kuma yana yi, shi ya sa uwa ke sa wa mai kemis albarka a kwana na uku. Amma ba ya kashe ƙwaron ƙazuwa, ba ya kashe makero, sai dai ya kwantar da masu gadin fata ya bar ɓarawo yana sha'aninsa. Ya kuma canza wa ƙurajen kama, ta yadda ranar da aka kai yaro asibiti, ma'aikacin lafiya zai tarar an share masa sawun da zai bi. Fatar jariri siririya ce, tana zuƙar magani fiye da ta babba, balle a shafa a rufe da famfas. In aka daɗe ana yi, fata ta yi laushi ta koɗe, fuska ta kumbura, girman yaro ma ya iya tsayawa. Wasu iyayen har cikin man kaɗe suke matsa shi, su mai da shi man shafawar kullum, don sun ga yaron ya yi haske. Garin gyaran gira ke nan ake rasa ido. Likita kan rubuta steroid marar ƙarfi na 'yan kwanaki in ya ga eczema, wannan daban, ya ga yaron da idonsa kuma ya ƙayyade rana.

Duk abin da na faɗa zuwa nan na yaron da jikinsa ba zafi ne, yana shan nono, yana wasa. Da zarar zazzaɓi ya shigo, lissafi ya canza, babu sauran jira. Jaririn da bai kai wata 3 ba, in zafin jikinsa ya kai digiri 38, ko ya ƙi kama nono, ko ya yi laƙwas, ko ƙurajen sun ɗuri mugunya, ko gewayen cibiya ya yi ja, a ranar za a kai shi, ko da dare ne. Ƙyanda tana da tsarinta da kakanninmu suka sani sarai: zazzaɓi da tari da majina da jan ido su riga zuwa, bayan kwana uku ko huɗu ƙuraje su fara daga fuska da bayan kunne su gangara ƙasa. A Najeriya allurar rigakafinta ana yi a wata 9, a maimaita a wata 15. Sai kuma ɗigo-ɗigo masu kama da jini ya kwanta a ƙarƙashin fata. A danna gefen kofin gilashi a kai, in ba su dushe ba, ga kuma zazzaɓi, ana tsoron sanƙarau ko guba a jini, kuma awoyi ake ƙirgawa. A baƙar fata ba su cika nunawa ba, sai a duba tafin ƙafa da tafin hannu da cikin fatar ido.

Wanda zai je asibiti ya taimaki mai duba shi. Wayar da ke hannunmu ta ɗauki hoton ƙurajen tun ranar farko, a hasken rana. A zuba duk abin da aka shafa wa yaro a leda a tafi da shi, kada a ɓoye ko ɗaya don tsoron faɗan nas. In kuma ana zargin sabulu ko mai ko turare ne, a daina su, sannan a dawo da su ɗaya bayan ɗaya da tazarar kwanaki. In aka canza biyar rana ɗaya yaro ya warke, har abada ba za a san mai laifin ba.

A gidan ƙanwata, abin da nas ta rubuta bai yi tsada ba, aikin ne ya yi yawa. Kowa da kowa zai shafa maganin a dare ɗaya, mai susa da marar susa, manya daga wuya zuwa tafin ƙafa, jaririn har fatar kai, a wanke da safe, a maimaita bayan mako guda. Zannuwan gado da majanyi da kayan sawa a wanke da ruwan zafi a shanya a rana, abin da ba ya wankuwa a ɗaure a leda na 'yan kwanaki, don ƙwaron ba ya wuce kwana biyu zuwa uku in ba jikin mutum. Ta kuma ja kunne cewa ƙaiƙayin zai iya ɗaukar mako biyu zuwa huɗu bayan ƙwarin sun mutu, kada a koma kemis.

Surukar ce ta so ta ba da matsala. "Ni? Ƙazuwa? Da girmana?" Ƙanwata ta durƙusa ta ce, "Hajiya, ai ba don ke ba ne, don maigidan naki ne," ta ɗora mata jikan a cinya. Hajiya ta dube shi, ta dubi ƙafafunsa, ta ce a miƙo mata kwalbar.

Washegari igiyar shanya ba ta isa ba, sai da aka ari ta maƙwabta.