Raddi ga Masu Cewa Masifa ba ta Samun Mai Bangaskiya

Akwai koyarwar da ta samu gindin zama a wasu majami'u, wai duk mai cikakkiyar bangaskiya ba abin da zai taɓa jikinsa ko dukiyarsa, wanda kuwa harsashi ko ciwo ya same shi, to ko dai zunubi ya ɓoye, ko addu'arsa ce ta yi rauni. Wannan magana ba ta da tushe a Littafi Mai Tsarki, kuma zalunci ce ga masu makoki.

Babbar hujjarsu ita ce Zabura 91, wadda ta yi alkawarin tsaro daga annoba da kibiya da razanar dare. Zaburar gaskiya ce, amma ya kamata su duba bakin wa aka ji ta a Matiyu sura 4. Iblis ne ya janyo ta, yana zuga Yesu ya diro daga ƙololuwar Haikali tunda mala'iku za su tare shi, Yesu kuwa ya ƙi, ya nuna cewa yin haka gwada Allah ne. Ashe ana iya karanta alkawarin daidai, a yi masa fassarar Shaiɗan. Wanda ya mai da shi laya, yana jin ya ɗaure hannun Allah, ya bi wannan fassara ne ko bai sani ba.

Sai su ce ai an fitar da Bitrus daga kurkuku. Haka ne, amma a sura ɗaya ce, Ayyukan Manzanni 12, Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi. Wa zai ce bangaskiyar Yakubu ba ta kai ta Bitrus ba? Ibraniyawa 11 ta jera waɗanda suka tsere wa kaifin takobi da waɗanda takobin ya kashe, ta kuma yaba wa bangaskiyarsu duka. Abokan Daniyel uku ma sun gaya wa Nebukadnezzar cewa ko Allah bai cece su daga wuta ba, ba za su rusuna wa gunki ba. Batun ɓoyayyen zunubi kuwa, Yesu da kansa ya rufe shi a kan makahon nan na Yahaya 9, da kuma mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta rufta wa.

Tambayarsu mafi nauyi, wadda ba za a raina ba, ita ce: in Allah bai lamunce tsaron jiki ba, to mene ne amfanin dogara gare shi? Amsa tana nan kusa, a Adamawa da Borno. A watan Oktoban 2014 Boko Haram ta mamaye hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ke Kwarhi, a shekarar da aka sace 'yan matan Chibok 276, akasarinsu 'ya'yan wannan ikkilisiya. A Janairun 2020 aka kama Rabaran Lawan Andimi a Michika, aka kashe shi. In koyarwar nan gaskiya ce, dole a ce duk waɗannan mutane masu raunin bangaskiya ne, kuma ba mai kunya da zai iya faɗin haka a gaban gwaurayensu da marayunsu. Abin da aka gani a bidiyon Rabaran Andimi da masu garkuwa da shi suka fitar shi ne mutum cikin natsuwa, yana miƙa lamarinsa ga Allah, bai yi musun Ubangijinsa ba, bai la'anci kowa ba. An tsare shi daga abubuwa biyu da tsoro ke jefa mutum ciki, wato ridda da ƙiyayya, kuma wannan ne tsaron da addu'ar Ubangiji take roƙo in ta ambaci gwaji da Mugun nan.

Ba a hana mai bi roƙon lafiya ba, ba a kuma hana shi gudu ko zuwa asibiti ba. Yusufu ya gudu da Maryamu da jariri zuwa Masar, an zurara Bulus cikin kwando ta garun Dimashƙu. Shi Bulus ɗin sau uku ya roƙi a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ba shi alherin jurewa, ya kuma ci gaba da aikin bishara da ita.