Kira Daga Gindin Gobarau: A Ceto Waƙoƙin Tsakar Gida

Ya ku mutanen Katsina, na cikin birni da na waje, daga Ƙofar Soro har Ƙofar Ƙaura, daga Ƙofar Guga har Ƙofar Marusa! Akwai dukiyar da ke salwanta a gidajenmu kullum, ba ɓarawo ke ɗauka ba, mu kuma ko cigiya ba mu bayarwa. Duk tsohuwar da muka raka maƙabartar Ɗan Marna ko ta Ɗan Takum, da waƙoƙinta muke binne ta.

Waƙoƙin tsakar gida nake nufi, waɗanda ba a taɓa yi wa kowa su don kuɗi ba. Matar da kunya ta hana ta kiran sunan mijinta, ta hana ta ambaton ɗanta na fari, da ta durƙusa gaban dutsen niƙa da asuba sai bakinta ya buɗe. A nan take yabon gidan ubanta, ta yi begen 'yan'uwan da aure ya raba ta da su, ta yi wa kishiya habaici ba ta kama suna ba, ta aika wa uwar miji saƙo. Kowa na gidan ya ji, kuma ba mai cewa an yi rashin ɗa'a, don ai waƙa ce. Ga ta daka, inda 'yanmata biyu ko uku za su haɗu a turmi guda suna lugude, a cilla taɓarya sama a tafa a cafe. Ga ta daɓe, ranar da matan unguwa ke yin gayya su gyara ɗakin amarya, madaɓi na sauka tare, ana yayyafa ruwan makuba. Ga ta reno, ga ta gaɗa a dandali da farin wata, ga shantu, ga kiɗan ƙwarya ranar suna. A cikinsu ne Bahaushiya ta ajiye abin da ta sani game da zaman aure, da goyo, da maƙwabtaka, da ɗan daɗin da ake tsinta ko a shekarar da rumbu bai cika ba.

Yau injin niƙa ya karɓi aikin dutse, siminti da tayil sun kori daɓe, dandali ya zama shaguna. Kada a ce ina kiran a koma baya. Wanda ya taɓa ganin kanta a tafin hannun tsohuwa ba zai yi wa matarsa fatan komawa dutse ba. Sai dai waƙoƙin nan a kan aiki suka rayu, da aikin ya tafi sai suka rasa lokacin fitowa. Suna nan a ƙirjin tsofaffi, ba mai tambaya.

Ku ɗaga kai ku dubi Hasumiyar Gobarau. Ginin ƙasa ne mai tsawon kimanin mita 15, wanda tarihin garinmu ke jinginawa ga zamanin Sarki Muhammadu Korau, an yi salla a wurin, an yi karatu, an hangi mahara daga samansa. Ƙasa ce fa, irin wadda damina ke zaizayewa. Abin da ya tsayar da ita ɗaruruwan shekaru shi ne kowane zamani ya sami masu kwaɓa ƙasa su yi mata yaɓe. Haka waƙar baka take: da zarar tsara guda ta ɗauke hannu, shi ke nan. Mu ne tsarar da ta ɗauke hannu.

Mun iya adana abin da ya yi ƙara. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, amma ba ranar da ba a jin muryarsa a tasha ko a shagon tela. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa ta rasu a 2013, har gobe matan biki na cashewa da amadarta. Gidajen rediyo da masu kaset ne suka yi mana wannan alheri, Allah ya saka masu. Amma Barmani ba daga sama ta faɗo ba. Daga cikin dubban matan da ke rera irin wannan a bayan zaure ta fito, su kuwa ba wanda ya kai masu makirfo. Masana da ɗalibai sun tattara wasu a kundayen digiri, madalla, sai dai baitin da ke kwance a takarda ba shi da karin murya, ba shi da amshi, ba shi da dariyar da ke biyo bayansa.

Na san akwai mai cewa wannan shirme ne, ko ma ya ce bai dace ba. Malam, a garin Wali Ɗan Marna kake, wanda aka san shi da ilimi aka kuma san shi da tsara waƙa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da matan karkara ta hannun jajojinta, don ta san hanyar da magana ke bi ta zauna a zuciyar mace mai aiki. Idan akwai baitin da ya yi nauyi a baki, iyayenmu sun fi mu sanin wanda za su rera gaban yara da wanda za su haɗiye.

To, jikoki, wannan aikin naku ne, kuma ba mai iya shi sai ku. Katsina ɗakin kara ce. Tsohuwa ba za ta buɗe baki gaban surukarta ba, ba za ta yi gaban ɗanta na fari ba, balle baƙo mai jaka da biro. Amma kai da take kira maigidanta, ke da take kira kishiyarta, wasan jika da kaka ya ba ku lasisin da ba wanda ke da shi. Ku sayi goro, ku je bayan isha'i, ku zauna a bakin tabarmarta. Kada ku ce kun zo bincike. Ku tsokane ta, ku ce ai an ce ba ta iya lugude ba, an ce a dandalinsu ita ce 'yar amshi. Za ta zage ku tas, sannan ta fara. Idan da hali ku haɗa ta da ƙawarta ta ƙuruciya, don wannan na mantawa waccan za ta tuna, kuma waƙar da ke da amshi ba ta tashi da baki ɗaya.

Wayar da ke hannunku ta isa. Amma ku nemi izininta kafin ku danna, kuma kada wanda ya ɗauki kakarsa ya watsa a TikTok don a yi mata dariya. Wannan cin amana ne. Ku tambaye ta wurin wa ta koya, a wace unguwa ko wane ƙauye, da wane aiki ake rerawa, wa ake yi wa habaicin. Sau da yawa labarin da ke bayan baiti ya fi baitin daɗi. Ku tura wa 'yan'uwa, kada ya zauna a waya ɗaya da za ta iya faɗawa rijiya gobe.

Kada kuma ku tsaya a gidajenku. Rashin tsaro ya koro iyalai daga ƙauyukan Batsari da Jibiya da Safana, da yawansu suna zaune a cikinmu, a kangaye da gidajen aro. Tsofaffin cikinsu sun baro rumbu da garke, amma sun zo da waƙoƙin garuruwan da wataƙila ba za su sake cika kamar da ba. Idan kun kai masu tsaba, ku zauna ku saurare su. Mutum ya san ana ganinsa da daraja ranar da aka nemi abin da ya sani.

Malamanmu na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Jami'ar Al-Qalam da Kwalejin Ilimi ta Tarayya, ku buɗe mana ma'ajiyar muryoyi inda kowa zai kawo abin da ya ɗauko. Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, waƙar niƙa ma kayan tarihi ce kamar takobi da sulke. Gidajen rediyon Katsina, rabin awa a mako bai yi yawa ba.

Ku kuma matasa masu alƙalami da masu shiga situdiyo, kun cika mana kunne da soyayya da 'yan siyasa. Ina waƙar ɗumamen safe? Ina ta uwar da ke raba ƙosai biyar ga yara bakwai ba wanda ya yi kuka? Ina ta majalisar mai shayi, da abokin da kuka yi tashe tare a daren goma ga azumi, da ƙanshin ƙasa ranar ruwan farko, da tsofaffi kewaye da wuta a hunturu? Ku rubuta su, ku karanta a taron suna da walima, ku koya wa 'yan firamare.

Wanda kakarsa ta rasu, ta maƙwabta na nan, ya aika a yi masa sallama da ita. A fara daren yau, kada a jira Salla.