Tafiyar Bana: Kada a Bar Kowa a Bakin Ƙofa



Bara da aka shirya ziyarar ilimi zuwa Abuja, waɗanda suka tafi ko mota ɗaya ba su cika ba. Mu sauran mun tsaya bakin ƙofar makaranta muna ɗaga hannu. Kuɗin ne ya fi ƙarfin iyayenmu, kuma mako biyu kacal aka ba su su kawo. Da aka dawo hutu sai malam ya ce a rubuta insha'i kan abin da aka gani a tafiya. To mu me za mu rubuta?

Yanzu an fara maganar ta bana, har wasu na cewa Abuja za a koma. Mu a ƙungiyar 'yan jarida ba mu yarda ba. Abuja wuni guda ake yi a mota, ga kuɗin masauki, ga abincin saye. Iyaye da yawa kuma ba za su bar 'ya'yansu su kai dare a hanya ba, musamman mata.

Akwai bidiyon da muke gani a wayoyin yayyenmu, na matasa masu jakar goyo da ke zuwa Tokiyo, babban birnin Japan, da ɗan kuɗi kaɗan. Ba jirgin ne ya burge mu ba, lissafinsu ne. Tun watanni suke tari, su rubuta kuɗin komai, su shiga motar da kowa ke shiga.

Mu je Argungu. Kusan kilomita 100 ce daga Sakkwato. A fita bayan sallar asuba, a dawo kafin magariba, babu batun masauki. Can akwai gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi, inda aka ajiye makamai da tambura na da. Ga Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi. Bikin ma da mu a ciki, domin a 1934 ya samo asali, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara garin. Nawa ne cikinmu suka san haka?

Ga lissafinmu. Kowa ya riƙa ajiye naira 200 duk Juma'a wurin malamin aji, a rubuta a littafi, ya sa hannu. Cikin mako 20 ya tara naira 4,000. Abinci kowa ya zo da nasa daga gida, ko ɗanwake, ko kwaɗon zogale, ko gari da ƙuli, da gorar ruwa. Wanda ya gagara cikawa, muna roƙon ƙungiyar iyaye da malamai ta cika masa a asirce, ba a gaban asembili ba.

Kafin nan ma akwai wadda ba ta cin ko kwabo. Kullum muna wuce Ƙofar Dundaye, amma da muka tambaya a aji, kaɗan ne suka iya lissafa ƙofofin birnin nan takwas. Wasu sun kawo Kware da Marke da Taramniya suka tsaya. Daga nan zuwa Hubbaren Shehu da ƙafa za a je.

Malam Firinsifal, muna roƙo a sanar da wurin zuwa da kuɗinsa tun wannan zangon, don a buɗe littafin ranar Juma'a mai zuwa.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare