Labaran Caca a Hannun Ƴan Kwaleji: An Kama Littafi, An Bar Mai Rumfa

Duk wanda ya taɓa zama a fadar samari a Tasawa ko a Mayahi bayan sallar isha, ya san irin labarin da ke hana butar shayi sauka daga kan gawayi. Labarin wani yaro ne marar galihu da ya sauka a wani babban birni na Turawa inda fitilu ba su mutuwa, ya shiga gidan caca da ƴan kuɗin da ba su isa abincin dare ba, ya fito da jaka maƙil, ƴan fashi na bin sawunsa, ƴan sanda na bin sawun ƴan fashi, wata kyakkyawa kuma na jiran sa cikin mota. A shekarun 1990 labarin kan zo cikin ɗan littafi mai yagaggen bango, wanda ya ratsa hannu ashirin kafin ya iso. A yau yakan zo cikin wayar salula, a rubuce ko a fim. Ƙarar da iyaye da malaman lakwal ke kaiwa kuwa ba ta sake ba tun wancan lokaci: wai waɗannan labarai su ke koya wa yara sata da caca da raina sana'ar gado, saboda haka a ƙwace su, in ta kama ma a cinna musu wuta.

Ƙarar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai an gurfanar da ƙaramin mai laifi, an bar babban yana shan inuwa.

Ta hanya biyu littattafan suka riƙa shigowa jihar Maraɗi. Ta farko daga Faransa, ta biyo Yamai, ta faɗo hannun ƴan kwaleji da ƴan lise: su SAS na Gérard de Villiers, su San-Antonio, da fassarar littattafan James Hadley Chase. Ta biyu daga Kano, ta Katsina da Jibiya, cikin kayan ƴan kasuwa, ita ce ta kawo ƙananan littattafan Hausa na soyayya da na jarumtaka. Da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, kuɗin duk abin da ake sayowa daga Faransa ya ninka, sabon littafin Faransanci ya fi ƙarfin ɗan talaka, aka koma ga kwance da aro da kuma na Kano masu araha. Wani abin dariya a nan shi ne, shi kansa Chase, wanda ya cika kawunan samari da titunan Amurka, Baturen Ingila ne da ya fara rubuta labaransa da taimakon taswira da ƙamus na karin maganar Amurkawa. Birnin nan nasa mai gidan caca da attajirai, Paradise City, babu shi a taswirar Florida. Ashe yaron Tasawa yana mafarkin garin da marubucin ma mafarkinsa ya yi.

Masu cewa labari ba ya canza halin mai karatu ba su san tarihin siliman Nijar ba. A fim ɗin Jean Rouch na 1958, *Moi, un noir*, samarin Nijar da ke dako a unguwar Treichville ta Abijan sun raɗa wa kansu sunayen taurarin finafinan ƴan daba, Umaru Ganda ya zama Edward G. Robinson, abokinsa ya zama Eddie Constantine. A 1966 Mustafa Alhasan ya fito da *Le retour d'un aventurier*, inda wani saurayi ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Tun kafin a haifi iyayen ƴan kwalejin yau, masu fasahar ƙasar sun gane cewa saurayin da ba shi da aiki yakan ari rigar jarumin da ya gani, ya yafa. Iyaye ba su yi ƙarya ba a nan.

To amma mene ne ainihin dafin da ke cikin labarin gidan caca? Bindiga da tseren mota ado ne kawai, yaro ya san ba zai same su a kasuwar Mayahi ba. Dafin yana cikin lissafi. Labarin yana gaya wa mai karatu cewa mai ƙarfin zuciya da sa'a yana iya cinye gidan caca, alhali kuwa an gina gidan ne bisa ƙa'idar da ba ta barin hakan ya ɗore. A ɗauki faifan nan mai juyawa da ake kira rulet. A Turai yana da gida 37, daga sifiri zuwa 36. Wanda ya zuba jikka guda a kan lamba ɗaya ya dace, za a mayar masa da jikkarsa a ƙara masa 35. To a ce wani mai wayo ya zuba jikka ɗaya-ɗaya a kan dukkan gidajen don kada ya faɗi: ya kashe jikka 37, ya karɓi 36. Wannan jikka guda da ta ɓace, wato kashi 2.7 cikin ɗari, ita ce ta gina benaye da fitilun da ake kwatantawa cikin littafin. A Las Vegas, inda jihar Nevada ta halatta caca tun 1931, faifan da aka saba da shi yana da sifiri biyu, rabon gida ya haura kashi 5 cikin ɗari. Ba a bukatar maguɗi ko kaɗan. Haƙuri kawai gidan ke yi, don ya san ɗan caca zai dawo.

Masu gidajen sun fi kowa sanin haka. A Monako, ƙasar da gidan cacar Monte Carlo ya yi wa suna, doka ta hana ƴan ƙasa zama a teburin caca. Baƙi ake gayyata su zo su zubar. Ko James Bond, a littafin Ian Fleming na 1953, *Casino Royale*, sai da aka yi masa ƙarƙaf, wani jami'in leƙen asirin Amurka ya miƙo masa kuɗi cikin ambulan sannan ya farfaɗo ya ci. Yaron da ya sayar da akuyar uwarsa a Kanambakashe ba shi da Ba'amurken da zai miƙo masa ambulan. Marubucin da ya faɗi gaskiyar lamarin shi ne Dostoyevski na Rasha, wanda rulet ta talauta, ya rubuta labarin wani ɗan caca a 1866 cikin ƙasa da wata guda don ya kuɓuta daga tarkon wani mai buga littattafai. Jaruminsa bai ƙare da jaka cike ba, ya ƙare yana yi wa kansa alkawarin gobe. Irin wannan littafi ba shi ne ke yawo a fada ba, kuma ba laifin samari ba ne, babu wanda ya kai musu shi.

Abin tambaya a nan shi ne, wa ya fara nuna wa yaron jihar Maraɗi caca da rana tsaka? Karta da ake bugawa a ɓoye a bayan tasha ta daɗe, kowa kuma ya san abin kunya ce. Wadda ta fito bakin titi da rumfa mai fenti da takardar shaida, ta hukuma ce. Kamfanin Lonani mallakar gwamnati ne, shi ne ya yaɗa cacar dawaki ta PMU, inda magidanci ke zuba kuɗin cefane a kan dokin da ke gudu a filin Vincennes ko Longchamp, dokin da bai taɓa gani ba, a ƙasar da ba za ta ba shi biza ba. A tseren dawaki 18, hanyoyin da uku na farko za su iya jeruwa sun kai 4,896. Kafin a raba wa waɗanda suka dace ko dala, sai kamfani da baitulmali sun cire rabonsu daga abin da aka tara. Yaron da ya tashi yana ganin mushensa na lakwal ya duƙufa kan takardar dawaki a ƙarshen wata, yana jan layi ƙarƙashin lambobi kamar mai gyaran jarrabawa, bai bukaci Chase ya koya masa kome ba. Yanzu kuma cacar ƙwallon ƙafa ta shigo cikin wayar da ke aljihunsa, ba ta da ƙofa balle mai gadi da zai tambayi shekarunsa.

An gwada maganin wuta, an ga iyakarsa. A watan Nuwamba na 2000, lokacin tarzomar nuna ƙin bikin nunin tufafi na FIMA, masu zanga-zanga a Maraɗi sun auka wa rumfunan caca da mashaya da majami'u. Rumfunan sun sake tashi, tabon da aka bari tsakanin maƙwabta ne ya daɗe. A Kano, a 2007, hukumar A Daidaita Sahu ta tara littattafan Hausa ta ƙona a wata makarantar ƴan mata. Marubutan ba su daina ba, sun ƙaura zuwa rediyo da intanet, inda babu ashanar da ke kai musu. Bayan shekara 17, a 2024, Hisbar Kanon ce ke bin shagunan cacar ƙwallo tana rufewa. Toka dai ba ta hana caca yaɗuwa ba. Addini ya haramta caca a fili, babu musu a kan wannan. Amma haramcin bai taɓa cewa a hana yaro sanin yadda tarkon ke aiki ba.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan nauyi. Saurayin Tasawa da na Mayahi yana da nasa birnin caca, ba ya bukatar jirgin sama kafin ya kai. Sunansa Agadas, bayansa kuma Jado, da Cibarkaten, da Sabha ta Libiya. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, ƙauyuka da dama na ƙasar Hausa suka riƙa wayar gari babu majiya ƙarfi. Ƙa'idar wasan iri ɗaya ce da ta rulet: a sayar da tunkiya ko a jinginar da gona a yi kuɗin mota, mutum ɗaya ya dawo da Hilux ya gina gidan siminti, garin duka ya gani, sauran da suka dawo da tari da bashi su shige ɗaki ba mai ba da labarinsu. Mai injin neman zinariya, da mai motar ruwa, da mai sayen ɗanyen gwal, su ne gidan da ba ya faɗuwa. A watan Nuwamba na 2021 ramin zinariya ya rufta a Garin Liman, kusa da Ɗan Isa, cikin jihar Maraɗi kanta, aƙalla mutum 18 suka rasu. Ga kasada, ga ƴan damfara, ga ƴan fashin sahara, ga amana da cin amana, ga uwa mai jiran kiran waya. Duk kayan haɗin labarin da ke hana yaro barci suna nan zube, amma ɗan shekara 15 a Mayahi zai sha wuya kafin ya sami ƙagaggen labari guda, cikin harshensa, da ya bi wani tsaransa daga tashar garinsu zuwa bakin ramin.

Ba wai Hausa ba ta iya ɗaukar irin wannan kaya ba ne. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifi *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam, wanda rabinsa damfara ce da ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, ta kuma haifi *Idon Matambayi*, labarin ɓarayi. *Kitsen Rogo* na Abdulƙadir Ɗangambo ya bi yaron ƙauye da birni ya ruɗa har ya faɗa hannun miyagu. A 1982 aka buga *Turmin Danya* na Sulaiman Ibrahim Katsina kan fasa-ƙwauri, sana'ar da ba baƙuwa ba ce ga mutumin Maraɗi, da *Ƙarshen Alewa Ƙasa* na Bature Gagare, wanda ya nuna cewa ana iya rubuta labarin ta'addanci da Hausa har gashin mai karatu ya tashi. Abin lura, kusan dukkansu gasa ce ko madaba'ar hukuma ta fito da su. A wannan gefen iyaka, Halilu Sabbo ya rubuta labarin masu tafiya bida bakin teku cikin *Abboki* a 1978, amma da Faransanci, harshen da akasarin masu tafiyar ba su karantawa. Makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida sun fara tun 1973 a Damagaram, sun yaye yara masu iya karanta Hausa, sannan aka bar su da littafin koyon karatu da na tsabtar rijiya. Ko tarihin da ke ƙarƙashin ƙafarsu ba a mayar musu da shi labari ba: a Ɗankori da Maijirgi, cikin ƙasar Tasawa, ayarin Voulet da Chanoine ya cinye kansa a watan Yuli na 1899, hafsoshi suka kashe hafsa, sojoji suka kashe hafsoshi. Wane Las Vegas ne ya kai wannan?

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Matsayi a takarda ba ya sa yaro ya buɗe littafi. Labari mai daɗi ne ke sa shi. Idan da gaske ake, hanyar ba ta da tsada. A ware wani kaso na ribar Lonani, a kafa gasar shekara-shekara ta ƙagaggun labaran matasa cikin harsunan ƙasa, a buga waɗanda suka ci a farashin da bai wuce na katin waya ba, a kai su kwalejojin Tasawa da Mayahi da gidajen matasa, a kuma karanta su a gidajen rediyon karkara. Wasu malamai za su ce kuɗin caca ba su da tsarki. Gaskiya ne, sai dai baitulmali ya daɗe yana karɓar su ba tare da ya yi alwala ba. Sharaɗi guda ya kamata a gindaya wa alƙalan gasar: kada su ba da lada ga wa'azin da aka sa wa rigar labari, domin samari na jin ƙanshinsa tun daga shafin farko, su ajiye, su koma ga Paradise City.

Kafin gwamnati ta motsa kuwa, mushen lissafi na aji huɗu a kwaleji yana da allo da alli. Littafin da ya ƙwace daga hannun ɗalibi ranar Litinin, yana iya dawowa da shi ranar Talata, ya sa a karanta babin gidan cacar da ƙarfi, sannan ya zana gida 37 a allo, ya ce kowa ya fito da takarda ya lissafa abin da zai rage a aljihun jarumin bayan juyi ɗari.