Ƙaro, tsatsa da darasin da muke tsallakewa

Duk wanda ke bin hanyar Gidan Rumji zuwa Maraɗi, ko ta Agye zuwa Gazawa, ya san abin da haɗarin kabu-kabu ke bari a baya. Wata karayar maɗori na iya ɗora ta, wata kuwa sai likita ya sa ƙarfe da kusoshi a jikin ƙashi. Abin da ba a cika faɗa wa iyaye ba shi ne, cikin jikin mutum wuri ne mai cin ƙarfe: ga ruwa, ga ɗumi na digiri 37, ga gishiri kusan giram 9 a kowace lita. Shi ya sa likitoci ke zaɓar titaniyom ko ƙarfen da aka gauraya da kuromiyom, amma duk da haka wani yakan zaizaye a hankali, ya jawo kumburi, har a sake aiki.

Saboda haka masana na neman abin da za a shafe ƙarfen da shi, wanda jiki ba zai ƙi ba. Cikin abubuwan da ake gwadawa akwai danƙon itatuwa da danƙon da zuma ke liƙe amya da shi. Ƙaron dakwara ma, wanda almajirai ke sa wa tawada, an gwada shi a jami'o'in Najeriya aka ga yana rage cin ƙarfe. Sai dai ƙaro na narkewa a ruwa, danƙon hano kuwa ba ya narkewa, kuma wannan bambancin kaɗai darasi ne guda.

Ra'ayina, malamai 'yan'uwana, mu daina koyar da tsatsa a kan allo kawai. A kawo kusa uku: ɗaya tsirara, ɗaya a shafa mata ƙaro, ɗaya danƙon hano. A jefa su ruwan gishiri, yara su duba kullum har kwana 14, su rubuta abin da idonsu ya gani. Ko dala ɗari ba za a kashe ba. Yaron Ɗan Saga da ya tashi yana ganin iyayensa na reno itace a gona ta hanyar sassaben zamani, ya kamata ya san cewa itacen nan ba na girki da inuwa kaɗai ba ne. Wata rana shi ne zai zauna ɗakin gwaji a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙulodo.

Iyaye kuma, a kula: bincike daban, magani daban. Kada wani ya ji wannan ya shafa ƙaro a kan ciwon wanda aka sa wa ƙarfe. In wurin ya yi ja, ya kumbura ko ya fara ruwa, a koma asibiti ba tare da jinkiri ba.

A bar ƙaro ya shiga aji tukuna, sauran aikin na masana ne.