Kwangilar Gyaran Makaranta, A Yi Ta Da Rana Tsaka

Jama'a, a wannan mako za mu yi magana bisa wani abu da malaman makaranta da akawuna su ke gani kullum, amma ba kasafai su kan tsaya su binciki ƙa'idarsa ba, watau yadda a ke ba da kwangilar gini da gyaran makarantu. Kowa ya san irin ɓarnar da iskar farkon damina ta kan yi a ƙauyuka. Kwano ya yaye, silin ya rufto, yara su koma gindin bishiya, in hadari ya taso malam ya sallame su. To, wa zai gyara, da kuɗin wa, kuma ta wace hanya aka zaɓe shi?

Mu ɗauki misali da Kurugu, ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Karaye, maƙwabciyar Rogo. A ce iska ta ɗauke rufin aji biyu a makarantar firamare ta can. Hedimasta zai rubuta wa Sakataren Ilmi a Karaye. In aikin ya fi ƙarfin ofishinsa, sai takarda ta wuce Kano, wurin hukumar ilmin bai-ɗaya ta jiha, wadda a ke kira SUBEB. Kuɗin manyan gine-gine kuwa sau da yawa na haɗin gwiwa ne. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ce Gwamnatin Tarayya ta riƙa keɓe aƙalla kashi 2 cikin 100 na babban asusunta, a damƙa wa hukumar UBEC a Abuja, kuma jiha ba ta karɓar rabonta na gine-gine sai ta ajiye daidai da abin da za a ba ta. Ashe ke nan kwanon da za a ɗora a Kurugu dukiyar jama'a ce ta fuska biyu.

Dukiyar jama'a kuwa akwai dokar kashe ta. A watan Yuni na 2007 Shugaban Ƙasa Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a dokar ba da kwangila da sayen kayan gwamnati. Dokar ta hau kan ma'aikatun Tarayya duka, ta kuma hau kan duk aikin da kashi 35 cikin 100 na kuɗinsa, ko fiye, ya fito daga asusun Tarayya. Jihar Kano ma ta yi tata dokar a 2021, domin ayyukan da ta ke yi da kuɗinta. Ga ginshiƙan dokar ta Tarayya a taƙaice, don mai karatu ya riƙe su.

Na farko shi ne shela. Kafin a ba da aiki sai an sanar a allon sanarwa na ofis, da shafinsa na intanet, da jaridu biyu na ƙasa. A yadda aka rubuta dokar a 2007, sai an ba masu nema mako 6 su shirya takardunsu. A 2020 aka yi mata gyara, aka rage wa'adin ga ayyukan da ba su kai manya ba. Na biyu, kowane mai nema ya rubuta farashinsa, ya liƙe ambulan, ya jefa cikin akwati mai kulle, wanda ya makara a mayar masa da tasa ba a buɗe ba. Na uku, da zarar wa'adi ya cika sai a buɗe akwatin a bainar jama'a, gaban masu nema da duk wani ɗan ƙasa da ya ke so ya gani, a kira sunan kowa da kuɗin da ya nema da babbar murya, a rubuta. Har an ce a gayyato 'yan kallo biyu daga waje, ɗaya daga ƙungiyar masana sana'ar, ɗaya daga ƙungiyoyin sa kai.

Na huɗu shi ne inda mutane su ka fi ruɗewa. Abin ya yi kama da gwanjo a juye: a gwanjo wanda ya fi tayawa shi ke ɗauka, a nan wanda ya fi rangwame shi ke samu. Amma fa dokar ba ta ce a ba mai araha ido rufe ba, don ta san araha ba ta ado. Sai an fara tace masu nema tukuna, a ga wanda ya ke da ma'aikata da kayan aiki, ya biya harajinsa, kuma ba a taɓa kama shugabannin kamfaninsa da zamba ba. A cikin waɗanda su ka cika sharaɗi ne a ke duba mafi sauƙin farashi. Na biyar, kuɗin kafin alƙalami yana da iyaka. Da fari kashi 15 ne cikin 100, gyaran 2020 ya kai shi 30, kuma ba a bayarwa sai da takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora. Wanda ya karya dokar kuwa hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, babu zaɓin tara, in ma'aikacin gwamnati ne a haɗa masa da kora.

Wanda ya karanta wannan zai ce ai magana ta ƙare. To, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da a kan bi sanannu ne. Akwai tsinka aiki gunduwa-gunduwa, a mai da kwangila ɗaya ta zama biyar, don kowace ta gaza adadin da ke wajabta shela. Akwai mutum ɗaya ya zo da takardun kamfani uku, ya yi takara da kansa, ya kuma ci. Duka biyun dokar ta ambace su cikin laifuffuka. Akwai kuma cinikin kwangila, wanda ya samu ya sayar wa wani, shi ma ya sayar, kowa ya yanki nasa, har abin da zai isa hannun magini ba zai sayi siminti isasshe ba. Daga nan ne a ke samun bulo mai marmashewa in an murza shi da ɗan yatsa, da katakon da ba a shafa masa maganin gara ba, da kwano mai kaurin takarda. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa.

Tsaga mafi faɗi ita ce kalmar gaggawa. Gaskiya ne dokar ta yarda a tsallake gasa in wani bala'i ya auku wanda ba zai jira ba. Amma rufin da iska ta ɗauke bara, aka bar shi har wata damina ta kawo kai, sakaci ne ya mai da shi gaggawa. Mun ga irin wannan a tarihi. Da aka soma shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a watan Satumba na 1976, an yi ta ba da kwangilar azuzuwa cikin hanzari a ƙasa duka, da yawa aka yi su ba inganci, waɗansu ma ba a gama ba. A watan Yuni na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a Jihar Kano. Niyya ce mai kyau, amma duk lokacin da kuɗi su ka yawaita kuma a ke sauri, a lokacin ne ya fi kamata a ƙara sa ido.

Kada wani ya ɗauka maganar kuɗi ce kurum. Ran 12 ga Yuli 2024 ginin wata makaranta ya rufta a Jos yara suna cikin aji, mutum 22 su ka rasu. Makarantar ta kuɗi ce, ba kwangilar gwamnati ba ce, amma bango bai san mai shi ba. In aka ha'ince shi, a kan wanda ke ƙarƙashinsa zai faɗi.

To, mene ne magani? A zamanin En'e makarantun ƙauye da yawa ginin ƙasa ne, a kan yi musu yaɓe kafin ruwa ya sauka, Hakimi da Dagaci suna gani, mutanen gari sun san maginin. Wancan zamani yana da nasa aibi, amma yana da abu guda da mu ka yi sakaci da shi: masu wurin suna ganin aikin. Yau a Kano a ke buɗe akwati, shelar kuma da Turanci ta ke fita a jaridun da ba safai su ke isa ƙauye ba. Mutumin Kurugu sai dai ya wayi gari ya ga tifa ta juye yashi. Bai san ko aji biyu aka biya ko huɗu ba, bai san ko da benci da tagogi a ciki ba. Alhali mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Sabo da haka ga shawara huɗu, ba wadda ta ke bukatar sabuwar doka.

Ta ɗaya, a lissafta ɓarna tun da kaka. Kowane hedimasta ya aika da nasa lissafi da zarar ruwa ya ɗauke, a yi shela cikin hunturu, a gama aiki kafin bazara ta ƙare. In an yi haka wa'adin shela ba zai zama hujjar tsallake gasa ba.

Ta biyu, duk kwangilar da aka bayar a fassara takardar ƙididdigar kayanta da Hausa, boko da ajami, a liƙa a ƙofar makarantar: sunan kamfani, jimlar kuɗi, yawan azuzuwa, kaurin kwano, irin katako, da ranar gamawa. Allon da a kan kafa a bakin hanya mai ɗauke da suna kawai bai wadatar ba. Wanda aka hana shi ganin takarda kuwa ya tuna akwai dokar 'yancin neman bayani ta 2011, wadda ta ba ofis kwana 7 ya amsa.

Ta uku, kada a biya kuɗin ƙarshe sai hedimasta da kwamitin kula da makaranta, wanda ya ƙunshi iyaye da malamai da dattawan gari, sun zaga tare da injiniya sun sa hannu. A cikin gari ba a rasa tsohon magini ko kafinta da zai ɗaga bulo ya san abin da ke cikinsa. Kason da a kan riƙe bayan an gama aiki kuma, kada a sake shi sai rufin ya ga damina guda.

Ta huɗu, ƙananan gyare-gyare, kamar ƙofa da taga da 'yan falle-fallen kwano, a ba kwamitin makaranta kuɗin kai tsaye, kamar yadda shirin ilmin 'yan mata na Bankin Duniya da aka amince da shi a 2020 ya yi a makarantun sakandare, Kano tana cikin jihohin farko. Amma su ma a ɗaure su da ƙa'ida. Dokar ta ce a ƙaramin aiki a nemi farashi daga mutum uku waɗanda ba su da alaƙa da juna. A kira kafintoci uku, kowa ya faɗi nasa a gaban kwamiti, a rubuta a littafi. Ɗan'uwan shugaban kwamiti ba shi da fifiko a nan, kamar yadda ɗan'uwan babban ma'aikaci ba shi da shi a Kano.

'Yan kwangila na kirki, su kuwa suna da yawa, ba abin da za su yi asara cikin wannan. Su ne ma za su fi kowa cin riba, don wanda ya ke aiki tsakani da Allah ba ya iya karawa da mai ha'inci sai in a fili a ke awo.

Saura ku, masu karatu. Kai akawu, takardar nan ta teburinka ta ke bi. Kai malam, kai za ka tsaya ƙarƙashin rufin nan da yara, shekara da shekaru bayan ɗan kwangila ya kwashe kayansa ya tafi. Ku malaman gari, ku ne jama'a ke saurara in kun yi magana a kan amana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In aka kawo aiki makarantarku, ku tambayi takarda cikin ladabi, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba, ku gwada abin da aka rubuta da abin da aka gina. In sun dace ku yaba, in sun saɓa ku rubuta wa Sakataren Ilmi tun siminti bai bushe ba, ku ajiye kwafi. Tun ran gini, tun ran zane.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana. Haza wasalam.